Ƙugiyar Gidanmu a Wasiƙar Wuro Patuji

Fadi da Abba, wannan ɓangaren naku ne, ko da yake sauran yaran gidan ma su karanta. Na rubuta labarin kakanku ban sha wahala ba, na rubuta shekarun da na yi ina buga tafireta a ofis har ina dariya, sai na zo nan na yi wata huɗu ina kewaye takarda. Kun tashi kuna jin magana iri biyu a kan babanku Buba. Wasu sun ce mutanen daji ya bi, wato masu bindigar nan da suka taɓa mamaye garin. Wasu sun ce ni, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ni na miƙa shi. Ta farkon ƙarya ce tsagwaronta. Ta biyun kuwa sai kun ji yadda aka yi, kuma ba za ku gane ba sai na fara muku da maganar haruffa, don haka ku yi haƙuri da Goggonku.

Kakanku Malam Iro daga ƙasar Katsina ya zo Mubi da buroshi da gwangwanin fenti, kuma a zamaninsa allunan shagunan garin nan da yawa hannunsa ne. Haruffan boko gida biyu ya raba su, masu dunduniya da marasa dunduniya. Masu dunduniya su ne waɗanda kowace sanda tasu take ƙarewa da ɗan tudu a sama da ƙasa, kamar an sa musu takalmi. Marasa kuwa sanduna ne tsirara, ya ce waɗannan na lambar mota ne da allon gargaɗi. Amma abin da ba ya yafewa ko kusa shi ne ƙugiya, wato lanƙwasar nan ta kan ƙ da ɗ da ɓ. A Mubi ba wanda ya damu da ita, Hausar ma kowa da yadda ya tsince ta a kasuwa. Shi kuwa in ka rubuta ƙasa ka bar ta ba ƙugiya, kafin ka ɗaga kai ka ji rula a bayan hannu.

"Ka cire mata ƙugiya ta koma kasa," yakan ce. "Ka ɗauko mutum daga gonarsa ka zaunar da shi a kan maciji."

Ni na sha rular nan. Buba, da aka haifa bayana da shekara goma sha huɗu, ya sha ninkin tawa, don lokacin Baba ya tsufa, idonsa ya rage amma faɗansa ya ƙaru.

Da na yi ritaya, maigidana kuma ya rasu, na buɗe ɗan shago a Yelwa da kwamfuta ɗaya da firinta da injin fotokofi. Wani mai ɗab'i a Yola ya sayar mini da faifai cike da samfuran haruffa. Yawancinsu shirme ne, wasu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ɗaya ne ya tsayar da ni. Mai dunduniya ne, sandunansa na tsaye kauri, na kwance kuwa siriri kamar gashi, kuma dunduniyar ba a datse take ba, a hankali take buɗewa. Babban R yana miƙa ƙafarsa ta ratsa ƙarƙashin harafin da ke biye, babban A yana da 'yar jela a hagu. Ba rubutun kowace takarda ba ne. In ka ƙanƙanta shi siraran sandunan nan sai su ɓace, in ka cika shafi da shi ido ya gaji. Wurinsa sunan ango da amarya, da katin suna, da takardar shaidar saukar Alƙur'ani, da allon mai turare ko tela da ya san kansa. Yana son fili a kewayensa, ba ya son cunkoso. Na sha korar masu son a buga musu rasit ko sanarwar ɓatan akuya da shi, har ana cewa ina da girman kai, ban kuwa musa ba. Matan Yelwa su suka raɗa masa suna rubutun amarya.

Aibinsa ɗaya ne, wanda ya ƙirƙire shi bai san da Hausa a duniya ba. In na danna ƙ sai wani akwati fanko ya fito. Katin aure kuwa ba ya yiwuwa ba ɗaurin aure ba ƙarfe goma na safe. Sai na ɗauko littafin samfurin Baba, wanda ya zana haruffansa a ciki da fensir, na ɗauki hoton ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa, na zauna sati guda ina gyara su har suka dace da rubutun amarya. Ƙugiyar Baba ba irin ta littattafan makaranta ba ce. Tasa takan lanƙwaso ciki kamar hannun buta, ta ƙare da ɗigo mai kauri. Hotuna uku ne na ajiye a wani lungu na kwamfutar, kuma kowane ɗaya sai an share harafin da ke wurin an jawo shi da hannu an daidaita. Aikin haƙuri ne. Ban da ni, mutum ɗaya ne ya iya shi, Buba, da yake taya ni in bukukuwa sun yi yawa, kuma makullin shagon na biyu yana hannunsa don shi yake tayar mini da janareta da safe kafin ya fita da kekensa mai ƙafa uku.

Akwai wani dattijo a Nassarawo, Malam Tizhe, Bakamwe ne, wato ɗan ƙabilar Kamwe, ofis ɗaya muka yi aiki, shi ma ya buɗe shago irin nawa. Mutum ne mai sanyi, ciwon suga ya rage masa ƙarfi. Ya ga katunana ya yaba, na kwafa masa faifan kyauta. Rubutun amarya ya samu, amma ƙugiyoyin ban ba shi ba, shi ma bai tambaya ba, don a rayuwarsa bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba.

Shekarar da aka gudu daga garin nan kun sha jin ta, ba sai na maimaita ba. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne tsoron da ya biyo bayan dawowa, wanda a wurina ya fi na gudun. Lokacin gudu ka san daga ina abin yake zuwa. Bayan dawowa kuwa maƙwabci yake duban maƙwabci. Wa ya zauna bai gudu ba? Wa ya riga kowa dawowa, kuma me ya sa shagonsa bai ƙone ba? 'Yan sintiri a kowace kwana, masu kaki a kowace mararraba. Mutum ɗaya ya ce "na gan shi da su" ya isa a sa ka a bayan mota, kuma waɗanda aka sa a bayan motar nan kaɗan ne muka ga dawowarsu. Muka koyi magana ƙasa-ƙasa har a tsakar gidanmu.

Buba yana cikin waɗanda suka dawo da wuri, don ya ɓoye kekensa a wani kango yana tsoron a ɗauke. Ya tarar ba fasinja a gari. A Wuro Patuji, bakin mayo, wato rafin nan, akwai gonar wani dattijo manomi, Bappa Njidda, wanda ya tsallaka Kamaru da iyalinsa ya daɗe bai dawo ba. Buba ya share gonar, ya haƙa rijiya, ya sa albasa da masara, ya sha rana har ya koma baƙi ƙirin. Gonar ta karɓe shi. Yana shirin noma na biyu sai ga Bappa Njidda ya dawo. Bai yi faɗa ba, ya ma yi godiya da aka kula masa da wuri, ya ce Buba ya kwashe abin da ya shuka ya bar masa gonarsa. Gaskiya ce tsantsa, amma babanku mutum ne da hannunsa yake riga kansa. Ya yi ta huci a gida kwana da kwanaki, ni kuwa na ɗauka hucin zai wuce kamar yadda ya saba.

Wata Talata da hantsi Bappa Njidda ya shigo shagona. Ya yi sallama, ya zaro takarda a ninke daga aljihun gaba. Hausarsa irin ta Mubi ce, ba ta raba mace da namiji.

"Hajiya, ka buga mini wannan guda ashirin. Za a ba masu unguwa da 'yan sintiri. A ƙofar gidana aka jefa."

Na karɓa na buɗe don in ɗora a kan gilashin injin. Layi uku ne a tsakiyar farar takarda, an bar musu fili sama da ƙasa yadda ya kamata. "Ku tashi daga wannan ƙasa kafin Juma'a ta sama, ko mu ƙone ku da gidajenku. Mun san ɗakin da kowa yake kwana." Ban fara da karanta ma'anar ba. Idona a kan ƙasa ya sauka, a kan hannun butar nan da ɗigonsa, sannan ƙone, sannan ɗakin. Na dafa injin kamar ina gyara takarda.

Na danna. Injin fotokofi yana cinye siraran sanduna, kullum haka yake yi wa rubutun amarya, shi ya sa ba na yarda a kwafi katunana. Ƙugiyoyin kuwa da kaurinsu na zana su. Kowace takarda ta fito sai in ga sauran haruffan sun dushe, ƙugiyoyi uku sun tsaya baƙi wuluk. Da hannuna na buga ashirin, na jera su, na miƙa masa.

"Ka ga su ma sun iya rubutu mai kyau," in ji Bappa yana juya ɗaya, don shi boko bai karanta ba. "Kamar katin biki."

Na ce masa haka ne. Katin bikin 'yarsa ni na buga shi shekara biyu kafin nan, da sunan shagona a ƙasa.

Na rufe shago tun azahar ba ta yi ba. Na sami Buba a bayan gida yana wanke keke. Na nuna masa ɗaya da na ƙara bugawa na ɓoye. Allah ya yafe mini, ban fara tambayarsa me ya sa ya rubuta ba.

"Me ya kai ka sa ƙugiya?" na ce.

Ya daɗe yana matse tsumma, ruwa ya daina ɗiga yana ta matsewa.

"Na buga ba ita, Adda. Na duba na ga an rubuta kasa. Hannuna ya ƙi bari."

"Rubutun amarya fa? Duk haruffan da ke cikin kwamfutar nan?"

"Shi na tarar a buɗe. Sauri nake yi kafin ki zo." Ya ɗago ya dube ni. "Tsoro kawai nake so ya ji, ya koma Kamaru damina ɗaya. Wallahi ko ashana ban saya ba."

Na yarda da shi a lokacin, na yarda da shi har yau. Amma na san ba wanda zai tsaya jin wannan. A shekarar nan ba a san wasiƙar wasa ba.

Washegari na share hotuna ukun nan daga kwamfuta, na cusa littafin Baba a ƙasan akwatin Dada, kakarku. Na koma buga kati ba ƙugiya, ina rubuta daurin aure da karfe goma ina jin kamar Baba yana tsaye a bayana. Duk wannan aikin banza ne, na kuma san banza ne. Shekara shida ina buga kati a garin nan. Sai a makon nan na gane yawan inda suka shiga. Na je wurin tela na ga nawa a manne a bango. Na shiga gidan barka na ga nawa a soke a jikin madubi. Na hau keke na ga nawa a maƙale a saman gilashi, ƙarfe goma yana kallona. Ita kuma wasiƙar tana aljihun kowane ɗan sintiri. Abin da ya rage kawai wani mai ido ya riƙe biyun a hannu ɗaya. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar shago sai in bar aiki in leƙa. Duk wanda ya yi sallama ya tsaya duban samfuran da ke bango sai in tsargu, har na sauke su na ce fenti za a yi. A Wuro Patuji kuwa gida uku suka sake ɗaure kaya, Bappa ya kai mata da yara wurin dangi, maza suna kwana a zaune da sanduna. Buba ya daina cin abinci, ya daina zuwa gonar da aka yi abin dominta.

Rana ta tara da zuwan Bappa aka kama Malam Tizhe. Wasu 'yan sintiri sun ɗauki wasiƙar suna bin shagunan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, daga Nassarawo suka fara. A bangon shagonsa akwai takardar shirin bikin godiya na cocinsu, da rubutun amarya ya buga ta. Suka ga R mai miƙa ƙafa, suka ga dunduniya iri ɗaya, ba su nemi ƙari ba. Suka tafi da shi da kwamfutarsa. Da labarin ya iso ni, abin da na fara ji, kuma wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba, sauƙi ne. Na ji numfashina ya sauka har ciki, na ce a raina ba za su iso Yelwa ba ke nan. Sauƙin nan bai kai la'asar ba.

Matarsa Kuve ta zo shagona da 'yar leda a hannu, maganin sugansa ne da ya bari a kan tebur.

"Hajiya, kai ne ka ba shi wannan rubutu," ta ce. "Ka je ka gaya musu ba nashi ba ne shi kaɗai. Za su ji maganarka, kai Hajiya ne."

Ba zargina take yi ba, taimako ta zo nema. Ba ta san cewa duk garin Mubi ni kaɗai ce zan iya ɗora yatsa a kan takardar nan in nuna abin da zai wanke mijinta ba, kuma abin da zai wanke shi shi ne zai nuna ƙofar gidanmu. Na ce mata zan duba yadda za a yi. Ta zauna a bencin ƙofar shago har na tashi. Washegari na tarar da ita a wurin, jibi ma haka. Ba ta sake roƙona ba, gaisuwa kawai take yi ta zauna da ledarta a cinya. A rana ta uku ta ce mini ta je inda aka ce yana tsare, an ƙi karɓar maganin, an ce ba a san da mai wannan suna ba.

Dada ta tsufa amma kunnenta bai tsufa ba. Ta riga ta haɗa komai tun ranar da ta ga ina tona akwatinta. Ta kira ni ɗakinta bayan azahar ta sa na tura ƙofa.

"Mai shago ɗin nan yana da dangi," ta ce, ita ma da Hausarta ta Mubi. "Su nema masa. Ni ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mini."

"Dada, mutumin nan ba shi da lafiya. In ya mutu a can, mu muka kashe shi."

"Kai ka buga takarda? Kai ka kama shi? Ka rufe bakinka, kwana kaɗan za su sake shi."

"In ba su sake shi ba fa?"

Ta juya fuskarta bango. Da ta sake magana muryarta ba ta tashi ba.

"In ka buɗe baki a kan ƙaninka, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ba zan yi muku ƙaryar jarumtaka ba. Tsoro ne ya cika ni ta kowane gefe. Ina tsoron bakin uwa, ina tsoron bayan motar nan, ina tsoron su ce kwamfutata ce su haɗa da ni, ina kuma tsoron ranar da zan fito in tarar bencin nan ba kowa don an kawo wa Kuve gawa. Na ƙarshen nan ne ya fi ƙarfi. Ranar Alhamis bayan la'asar na sami Buba a zaure, kai Abba kana kan cinyarsa kana wasa da makullin keke.

"Gobe da safe zan je wurin Bappa Njidda da katin 'yarsa da littafin Baba," na ce. "Iyakar Kamaru ba nisa. Ka tashi yanzu, kafin magariba ka tsallaka. In sun tambaye ni zan ce ban san inda ka yi ba. Yaran nan da uwarsu suna wuyana."

Ya karɓi makullin daga hannunka ya sa a aljihu, ya miƙe ya fita. Na ɗauka sallamar ke nan.

Da safe na yi wanka na sa hijabi, na ɗauko littafin a gaban idon Dada, ba ta dube ni ba. Na fito ina tunanin inda zan sami abin hawa. Kekensa yana ƙofar gida, inji yana aiki, shi yana zaune a gaba da farar rigarsa ta Juma'a.

"Shiga, Adda."

Na tsaya riƙe da ƙofa.

"Buba, na ce ka tafi."

"Na kai har gada na juyo. In na gudu sun tabbatar ina tare da mutanen daji. Ke za su ɗauka, kwamfutarki ce. Mutumin nan kuma ba lalle su sake shi ba, don ba su da kowa a hannu. Shiga, rana tana yi."

Na shiga. Tsakanin Yelwa da Wuro Patuji shinge biyu muka wuce, a kowanne muka sauka, ya ɗaga rigarsa aka ga cikinsa, aka buɗe jakata aka ga tsohon littafi da kati aka mayar. A hankali yake tuƙi, yana kauce wa kowane rami kamar ya ɗauko mai ciki. Na so in ce masa mu juya. Sau uku maganar tana zuwa bakina. Na san in na faɗa zai juya, shi ya sa ban faɗa ba.

Muka sami Bappa Njidda a ƙofar gidansa da sanda a gefe. Na shimfiɗa wasiƙar a kan tabarma, na ajiye katin 'yarsa kusa da ita, na buɗe littafin Baba. Na fara nuna masa ƙugiyar nan, da wannan, da wannan, ina bayanin cewa Malam Tizhe ba shi da ita, bai ma san da ita ba. Bayanin yana ta tsawo. Buba ya durƙusa ya katse ni.

"Ni ne, Bappa. Ni na buga, ni na jefa. Saboda gona. Ba kowa a bayana."

Dattijon ya daɗe yana dubansa. Ban ga fushi a fuskarsa ba, gajiya na gani.

"Yaro, da ka ce mini kana son rabi, da na ba ka. Ni da ɗa ɗaya ya rage mini mai noma, ina zan kai gona duka?"

Ya so a kashe maganar a nan, Allah ya ji ƙansa. Ya ce zai tara mutanen unguwa ya ce musu rigimar gona ce, ya yafe. Amma Malam Tizhe ba a hannun mutanen unguwa yake ba, kuma waɗanda suke riƙe da shi ba za su buɗe ƙofa don an ce an yafe ba. Mu uku muka tafi a keken. Bappa ya yi magana, na yi magana, na sake nuna ƙugiya ga wani mai kaki da ya dube ta ya dube ni kamar mahaukaciya. Daga baya wani babba a cikinsu ya fito, ya jera takardun, ya gane. Ya ce mu mu tafi, shi wannan za a yi masa 'yan tambayoyi. Buba ya zaro makullin keke ya ba Bappa ya ce ɗansa ya mayar da shi gida. Ni kai kawai ya ɗaga mini, aka shiga da shi.

An saki Malam Tizhe washegari, a ɗauke aka fito da shi. Ya rayu shekara biyu bayan nan, amma bai sake buɗe shago ba. Kuve ta zo ta yi mini godiya sau ɗaya, na roƙe ta kada ta sake. Babanku kuwa na neme shi duk inda aka ce ana kai mutane. Na je Yola ya fi sau goma, Bappa Njidda ya raka ni sau huɗu da ƙafarsa mai ciwo. Ko'ina amsa ɗaya ce, ba a san da mai wannan suna ba. Dada ta yi shekara huɗu a gida ɗaya da ni, ba ta sake cin abin da hannuna ya taɓa ba har ta koma ga Allah. A gari kuwa labarin ya bi bakin mutane ya canza, gonar ta faɗi a hanya, aka bar wasiƙar da kamun, shi ya sa kuka tashi ana nuna ku da baki. Wannan ne abin da ya ƙi gudu don kada ya same ku, ya kuma same ku duk da haka.

Ban rubuta wannan don ku wanke ni ba. In kun karanta kun ga ba za ku iya zama da ni a tabarma ɗaya ba, ba zan ce kun yi laifi ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne babanku ya yi wauta ɗaya babba, ya kuma kai kansa da ƙafarsa don wani tsoho marar lafiya ya koma gida, alhali hanyar Kamaru tana buɗe a gabansa.

Saura abu ɗaya. Ranar Juma'ar nan a ƙafa na dawo Yelwa, don na kasa shiga keken. Ina sa ƙafa a zaure, ke Fadi kika rugo, shekararki biyar, kika riƙe mini hijabi kina leƙen bayana.

"Goggo, ina Baba?"

Na ce miki yana zuwa. Kika tambaya da daddare, kika tambaya da safe, kika yi ta tambaya har kika girma kika daina, ni kuwa ban taɓa canza amsar ba. Tsoro ne ya hana ni. Fadi, Abba, babanku ba ya zuwa. Ku yi masa addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu.